Cututtukan 'yan tsakin dinya

Cututtukan 'yan tsakin dinya su ne matsalolin lafiya da ke kama ƙananan dinya daga ranar ƙyanƙyasa zuwa kusan mako goma sha biyu. Babbar dinya tsuntsuwa ce mai juriya, amma 'ya'yanta ba haka suke ba, musamman a makonni huɗu na farko. Galibin asarar da ake yi a wannan lokaci tana farawa ne daga sanyi, jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, gurɓataccen abinci da ƙazamin ruwa, kafin ƙwayoyin cuta su samu ƙofar shiga. A yankunan noman rani irin su Kadawa a Jihar Kano, ruwa da ciyawa da dusa suna sauƙaƙa kiwon, amma ta hanyarsu ne kuma yawancin cututtukan ke zuwa.

Asali da suna

Hausawa suna kiran dinyar gida da ta daji da suna ɗaya. Ta daji, mai ƙaya a fiffike, ita ce Plectropterus gambensis, wadda ake gani a dausayin Haɗejiya da Nguru. Ta gida kuwa ta samo asali ne daga nau'i biyu: Anser anser ta Turai da Anser cygnoides ta ƙasar Sin. Ƙwan dinya yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 28 zuwa 30, a manyan nau'o'i kuma yakan ɗan zarce haka. Ɗan tsakon yana fitowa da laushin gashi wanda ba ya hana ruwa shiga, kuma jikinsa bai iya riƙe ɗumi da kansa ba tukuna.

Yanayin Kadawa

Kadawa tana cikin Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. Ruwan yana zuwa ne daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da shi. Ana noma shinkafa, alkama, masara, tumatir da albasa, saboda haka ɗanyar ciyawa ba ta yankewa ko da rani, ga kuma dusa da buntun shinkafa daga injinan casa na Kura. Dinya mai cin ciyawa ce, don haka wurin ya dace da ita. Sai dai akwai kwantaccen ruwa, feshin maganin ƙwari da na ciyawa, danshin damina da ke sa hatsi fumfuna, da sanyin hunturu a watannin Disamba da Janairu.

Sanyi, zafi da jiƙewa

A makon farko 'yan tsakin suna buƙatar ɗumin digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas. Ana rage kusan digiri 3 kowane mako har su kai mako uku zuwa huɗu. Idan suka cunkushe wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji, kuma na ƙasa kan mutu saboda danniya. Idan suka guje wa wuta suna haki da baki buɗe, zafi ya yi yawa, abin da ya fi faruwa da bazara. Masu ɗumama ɗaki da gawayi ko fitilar kananzir dole su bar kafar iska, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe su.

Ɗan tsakon da ba ya tare da uwa bai kamata ya shiga kanal ko kududdufi ba sai gashinsa na gaske ya fito. Yakan jiƙe, ya yi sanyi, ya kasa fita. Mazubin ruwan sha ya kasance mai zurfin da zai tsoma baki da hanci, amma ba wanda zai shige ciki gaba ɗaya ba.

Matsalolin abinci

Ƙarancin niyasin: niyasin sinadari ne daga rukunin bitamin B. Dinya da agwagwa suna buƙatarsa fiye da kaji, kuma wanda ke cikin masara jiki ba ya iya amfani da mafi yawansa. Ɗan tsakon da ake ba tsakin masara kaɗai yakan yi gwame, gwiwa ta kumbura, ya riƙa zama yana kasa bin 'yan uwansa. Ana magance shi da yis, garin bitamin na kaji a ruwan sha, da ɗanyen ganye. Idan aka makara, ƙafar ba ta komawa daidai.

Karkacewar fiffike: ƙarshen fiffike yana juyawa waje saboda gashi ya yi nauyi kafin ƙashi ya yi ƙwari. Ana danganta shi da abinci mai yawan furotin da kuzari, da kuma gado. Idan aka gano da wuri, ana naɗe fiffiken a jiki na 'yan kwanaki tare da ƙara ciyawa.

Gubar fumfuna: masara, gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta. An gano ta ne bayan mutuwar talotalo masu ɗimbin yawa a Ingila a 1960, kuma 'yan tsakin tsuntsayen ruwa suna cikin waɗanda ta fi yi wa illa. Dafawa ko shanyawa ba ya kawar da ita.

Abincin kaji masu ƙwai bai dace da su ba, domin yawan sinadarin kalsiyam da ke cikinsa yana cutar da ƙoda.

Cututtuka masu ƙwayoyi

Ciwon huhu na fumfuna: fumfunar Aspergillus fumigatus tana girma a jiƙaƙƙen buntu ko diddigar katako. Idan 'yan tsaki suka shaƙe ta, sukan miƙe wuya suna numfashi da kyar. Magani ba ya cika yin tasiri, don haka busasshiyar shimfiɗa ita ce kariya.

Ciwon cibiya da gudawa: bakteriya irin su Salmonella da Escherichia coli suna shiga ta ƙazamin ƙwai ko cibiyar da ba ta rufe ba. Alamunsu kumburin ciki, kashi mai manne wa dubura da mutuwa a kwanakin farko.

Cutar Derzsy: bairas ce da aka fara bayyanawa a ƙasar Sin a 1956, daga baya aka sa mata sunan masanin ƙasar Hungary, Domokos Derzsy. An fi saninta a Turai da Asiya. Tana iya ƙarar da garken da bai kai mako ɗaya ba, kuma tana kama 'ya'yan agwagwar Maskobi, wato irin agwagwar da aka fi kiwo a ƙasar Hausa. Ba ta da magani sai rigakafi.

Murar tsuntsaye: nau'in H5N1 ya fara bayyana a Najeriya a watan Fabrairu 2006 a Jihar Kaduna, Kano na cikin jihohin da ya shafa, ya kuma sake ɓulla a Kano a Janairu 2015. Tsuntsayen ruwa na iya ɗaukar ƙwayar ba tare da alama ba, su yaɗa ta ta kashi a cikin ruwa. Cutar tana iya kama mutum. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, ana sanar da ofishin likitan dabbobi, ba a yanka su ba a kuma kai su kasuwa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ce ke tabbatar da cutar.

Tsutsotsi da guba

Tsutsar ƙundu, Amidostomum anseris, tana shiga ƙarƙashin fatar ƙundu ta sa rama da ƙarancin jini. Ƙwanta yana fita ta kashin manyan dinya, ƙanana su ci tsutsar a jikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Wata ƙwayar kuma, Eimeria truncata, tana kama ƙodar 'yan mako 3 zuwa 12, ta sa farar gudawa. Dukansu sun fi yawa inda ake kiwo a wuri ɗaya shekara da shekaru.

Kwantaccen ruwa mai ɗumi da mushe ko ruɓaɓɓen ganye a ciki yana iya haifar da gubar Clostridium botulinum, wadda ke shanye ƙafa, fiffike da wuya har kan tsuntsu ya faɗi ƙasa. Ciyawar bakin gonar da aka yi wa feshi, da ruwan da aka wanke famfon feshi a ciki, sukan jawo dalalar miyau, karkarwa da mutuwa cikin sa'o'i.

Hanyoyin kulawa

- A wanke ɗaki, a shanya shi, a zuba busasshiyar shimfiɗa kafin 'yan tsaki su iso, a kuma kwashe duk inda ya jiƙe kullum. Ƙasa mai santsi tana sa ƙafafu su wage.
- A fara ba su ruwa kafin abinci, kuma kada a bar su da busasshen abinci ba ruwa a kusa.
- A ba su abincin 'yan tsaki mai furotin kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari na mako uku zuwa huɗu, sannan a sauko zuwa kashi 15 ko 16.
- Daga makon farko a riƙa yanka musu ɗanyar ciyawa ko latas ƙanana-ƙanana, tare da ɗan yashi mai tsakuwa don ƙundu ya iya niƙa.
- A raba wurin kiwonsu da na manya, a kuma riƙa sauya shi.
- Sabon tsuntsun da aka sayo a kasuwa a ware shi aƙalla mako biyu.
- A rufe akurki da raga saboda shirwa, shaho, gafiya, da guza mai bin bakin ruwa.
- Wanda ya kamu a ware shi a wuri mai ɗumi, mushe kuma a binne shi da zurfi ko a ƙone.

Alamun cututtuka da yawa suna kama da juna: gudawa da kasala na iya zama tsutsa, guba ko bakteriya. Saboda haka ba da kafso ko maganin mutane bisa zato yakan ɓata lokaci, ya kuma sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Likitan dabbobi yakan buɗe wanda ya mutu ya duba hanta, huhu, ƙoda da ƙundu kafin ya faɗi maganin da ya dace da sauran garken.