Injin Kwalekwale Mai Mutuwa a Silo

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, kogin Kwara ya koma babbar hanya. Jamhuriyar Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ba ta buɗe nata ba, sai fatake da fasinjoji suka koma kan kwalekwale, tsofaffin injinan da aka jingine a zaure kuma aka kakkaɓe su aka maƙala a gindin jirgi. Akasarinsu ƙanana ne, irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 8 ko 15, waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ciwonsu kusan iri ɗaya ne: a tsakiyar kogi inji na ruri lafiya lau, da matuƙi ya sassauta hannu zai tunkari gaɓa, sai ɗif.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwalekwale ba shi da birki, kuma da turin farfela ake juya shi. Inji na mutuwa, jirgi ya daina jin magana, ruwa ya kwashe shi da lodinsa na albasa ya nufi ƙafar gada ko jirgin wani.

Abin da aka fi yi shi ne a cire fulogi, a ga ya yi baƙi, a ce an kama ɓarawo. A sayi sabo a ɗaura, inji ya yi kwana biyu yana ɗan sauƙi, sannan ya koma gidan jiya. Ina mamakin yawan kuɗin da ke tafiya a haka! Fulogin da yake ba da wuta sau 5,000 a minti ɗaya a tsakiyar kogi, me zai sa ya kasa sau 900 a bakin gaɓa? Yakan faru, idan ya jiƙe da mai sharkaf, amma ko a nan tambayar ita ce me ya jiƙa shi. Baƙin fulogi shaida ne kawai, mai laifin yana wani wuri. Sai kuma masu murɗa notin silo su ɗaga shi har inji ya daina mutuwa. Ya daina kam, amma duk sanda aka jefa giya sai ka ji ƙaram, haƙoran da ke ƙasa suna cin juna, kuma gyaran giya ya ninka na kafireto nesa ba kusa ba.

A cikin kafireto akwai hanyoyin mai guda biyu, kuma wanda ya gane wannan ya gama rabin aikin. Babbar hanya tana aiki ne idan an buɗe wuta: iska na wucewa da gudu, tana zuƙo mai ta babban jet. Idan aka sassauta, murfin maƙogwaron kafireto yakan kusan rufewa, iskar ba ta da ƙarfin jawo komai ta babbar hanya. A lokacin, rayuwar inji kacokan tana rataye ne a kan ƙaramin jet na silo, ɗan guntun tagulla mai huda siririya kamar kafar allura. Ta wannan hudar ce kaɗai mai ke bi, ya gauraya da 'yar iska, ya fito ta wasu ƙananan ƙofofi a daidai bakin murfin. Ni dai ban san wani abu a jikin inji da ya kai shi ƙanƙanta kuma ya kai shi iko ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta ishe shi. Dattin da zai wuce ta babban jet ba tare da kowa ya sani ba, a nan yake tsayawa. Shi ya sa inji ke gudu amma ba ya silo.

Yashi kuwa ba a rasa shi a Malanville. Fetur ɗin da ake saye a kwalabe da jarkoki, wanda yawancinsa daga Nijeriya yake shigowa, ya sha juye-juye daga mazubi zuwa mazubi kafin ya iso tanki, kowane juyi da irin ƙura da raɓar da yake ɗauka. Ga shi waɗannan injinan yawanci ba su da matatar iska irin ta babur, domin masu ƙera su sun ɗauka babu ƙura a kan ruwa. Hunturun wannan yanki na Dandi bai san da wannan lissafi ba. Sannan injin da ya yi watanni a ajiye da mai a cikinsa, fetur ya tsere ya bar wani danƙo mai kama bangon hudar.

Gwajin ba ya cin ko dala. A bar inji ya ɗumama, a sassauta, da ya fara shaƙewa a ɗan ja cok kaɗan. Idan ya farfaɗo, mai ne ya yi masa ƙaranci a silo. Idan ya ƙara shaƙewa yana hayaƙi, mai ne ya yi yawa, sai a duba fulot da allurarsa.

Wajen wankin jet ne ake ɓarna ta biyu. Kada a zura waya ko allurar ɗinki a jet. Tagulla ce mai taushi, hudar na ƙara faɗi shi ke nan, inji zai riƙa shan mai fiye da ƙima har abada. A jiƙa shi a fetur mai tsabta, a hura da iska, a ɗaga shi a rana: sai an ga haske zagaye tas. A hura hanyoyin da ke cikin gangar kafireton su ma, don sau da yawa jet ya fita amma hanyar tana toshe. Notin da ke daidaita cakuɗin silo, kafin a kwance shi a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga zagaye har ya zauna, don a mayar da shi inda yake. A hankali na ce. Tsininsa na lanƙwashewa.

Kuma a cikin ruwa ake saita silo, da giya a ciki. Hayaƙin injin ta ƙarƙashin ruwa yake fita, ruwan na tokare shi, saboda haka abin da aka saita a tudu ba zai tsaya a kogi ba. Tayar da shi a busasshe ma, cikin ƙanƙanin lokaci robar famfon ruwa take ƙonewa.

Batun baƙin mai: wasu na zuba shi da ido, wai yawansa ba ya cutarwa. Yana cutarwa, a silo ma ya fi. Injin da aka ƙera don kashi 50 na fetur da 1 na mai, rabin lita ya ishi tankin lita 25. Tsofaffin Johnson da Evinrude na kafin 1964 su ne ke son 24 da 1, tsohon British Seagull na Ingila ma har 10 da 1 yake sha. Kowane da abincinsa. Evinrude ɗin nan, da ya fara sayar da injinansa a Milwaukee ta Amurka a 1909, an daina ƙera shi a 2020, don haka mai irinsa ya riƙe kayan gyaransa da kyau.

Idan jet ya fita tas amma ciwon na nan, a duba 'yar ƙofar iska ta murfin tanki, da tiyo ko ya tsage yana shan iska, da fatar famfon mai. Bayan su sai gasket da robobin da ke rufe bakin kurankishaf, sai ringi idan igiyar tayarwa ta yi sakwa-sakwa a hannu. Waɗannan na ƙarshe sai an buɗe cikin inji, aikin bakanike ne a kan tebur, ba na bakin kogi ba.