Tabar Wiwi A Hannun Likita: Inda Doka Ta Sassauta

A ƙasar nan, da an ambaci tabar wiwi, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne maye da lalacewar matasa. Amma a waɗansu ƙasashe likitoci kan ba majinyata magungunan da suka samo asali daga wannan ganye, kuma da iznin hukuma.

Dalili kuwa shi ne akwai manyan sinadarai biyu a cikinsa. Na farko, THC, shi ke bugarwa, amma yana kwantar da tashin zuciya. Don haka a 1985 Amurka ta yarda da ƙwayar Marinol saboda masu ciwon daji waɗanda maganin asibiti ke galabaitarwa da amai. Na biyu, CBD, ba ya sa maye. Da shi aka yi Epidiolex, wanda aka amince da shi a 2018 domin farfaɗiya mai tsanani da ke kama yara.

Jihar Kalifoniya ce ta fara halatta ganyen kansa ga marasa lafiya a Amurka, ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 1996. Kanada ta biyo baya a 2001. Birtaniya kuwa sai a Nuwamba 2018, bayan iyayen yara masu farfaɗiya sun yi ta kai kuka, kuma ƙwararrun likitoci kaɗai aka ba ikon fara rubuta shi. A Afirka, Lesoto ta ba da lasin noma shi domin magani a 2017, Maroko ta yi dokarta a 2021.

Sai dai kada a ɗauka waraka ce. Sauƙin da masu daɗaɗɗen raɗaɗi ke samu matsakaici ne, kuma yakan zo da jiri da kasala. Yawan zuƙar ganyen tun ana ƙuruciya kuma yana ƙara haɗarin taɓin hankali. Akwai tazara mai nisa tsakanin maganin da aka auna da ƙullin da ake saya a lungu.

A Nijeriya dai dokar hana wiwi ta 1966 tana nan har yanzu, kuma Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kama mai nomawa da mai sayarwa da mai sha. Iyalin da ke jinyar wanda ciwo ya hana barci, likita ya kamata su nufa, domin akwai magungunan raɗaɗi masu ƙarfi, irin su mofin, waɗanda doka ta yarda ya ba shi.