Shogatsu: Baƙon da Japanawa Ke Tarba a Tsakiyar Hunturu

Babu bikin da ya kai Shogatsu girma a ƙasar Japan, wato bikin sabuwar shekara da ake yi daga 1 zuwa 3 ga Janairu, kuma akasarin al'adun hunturun ƙasar ko dai share fage ne gare shi, ko kuwa sallamarsa ce. Tushensu yana cikin Shinto, addinin gargajiyar Japanawa, wanda mabiyansa suka yi imani cewa wani abin bauta mai suna Toshigami yakan sauka a kowane gida a farkon shekara da albarkar noma da lafiya. Wanda ya riƙe wannan ba zai ga al'adun a warwatse ba, domin duk aikin mai masaukin baƙo ne: a share gida, a sa alama a ƙofa, a kawo abinci, sannan a yi rakiya.

Asalin bikin ba na tsakiyar sanyi ba ne. Har zuwa 1872 Japan tana amfani da kalandar wata da ta samo daga Sin, inda shekara kan kama tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, dab da lokacin tohon itatuwa, amma da gwamnatin Meiji ta karɓi kalandar Miladiyya a 1873, sai bikin ya dawo 1 ga Janairu. Wannan ne ya sa har gobe katunan gaisuwa da ake kira nengajo suke ɗauke da kalmomin maraba da lokacin toho, alhali dusar ƙanƙara ta rufe arewacin ƙasar.

Shiri yakan fara da osoji, babbar sharar ƙarshen shekara, wadda ta samo asali daga kakkaɓe kunkunniyar hayaƙi da akan yi ranar 13 ga Disamba a zamanin da ake girki da itace. Bayan haka sai a girke kadomatsu a bakin ƙofa, wato sandunan gora da aka haɗa da rassan matsu, bishiyar da ba ta zubar da ganye ko a tsananin sanyi, domin baƙon ya gane masaukinsa. A cikin ɗaki kuma ana ajiye masa kagami mochi, curi biyu na shinkafa, ƙarami bisa babba, da lemo a kansu. Yadda ake yin mochi abin kallo ne: ana turara shinkafa mai danƙo, a zuba a turmi, mutum ɗaya yana kirɓawa da gudumar katako, ɗaya kuma yana tsugune yana jiƙa hannu yana juya curin tsakanin bugu da bugu, aikin da ba ya yiwuwa sai kowannensu ya amince da ɗan'uwansa.

A daren 31 ga Disamba, wanda ake kira Omisoka, iyali sukan ci taliyar soba, wadda ake fassara tsawonta da tsawon rai, yayin da wuraren bautar addinin Buda suke buga ƙararrawa sau 108, adadin sha'awoyin da addinin ya ce suna azabtar da zuciyar ɗan'adam. A Chion-in da ke birnin Kyoto, ƙararrawar ta kai kimanin tan 70, kuma limamai 17 ne ke buga ta da gungumen da aka rataye: 16 suna jan ƙananan igiyoyi, na 17 kuwa yana riƙe da babbar igiya, yana jefa jikinsa baya kamar zai faɗi domin bugun ya yi ƙarfi. Da shekara ta kama sai hatsumode, ziyarar farko zuwa wurin bauta, inda Meiji Jingu da ke Tokyo kaɗai kan karɓi mutane kusan miliyan 3 cikin kwana uku. Wannan shi ne halin addini a Japan, inda mutum ɗaya zai saurari ƙararrawar Buda da dare, ya yi sammakon zuwa wurin bautar Shinto, ba tare da ya ga saɓani ba.

Abincin bikin, osechi, ana dafa shi tun kafin ranar a jera cikin akwatuna masu hawa-hawa, kuma kowace loma addu'a ce: baƙin wake na nufin lafiya da ƙwazo, ƙwan kifi yawan zuriya, jatan lande mai lanƙwasasshen baya kuwa rayuwa har ƙugu ya ranƙwafa. Yara sukan sami otoshidama, kuɗi a cikin ƙananan ambulan. A wajajen 15 ga Janairu ake tara kayan adon ƙofa a ƙone, bisa imanin cewa baƙon yana komawa tare da hayaƙin. Ragowar tsohuwar kalanda ita ce Setsubun, galibi ranar 3 ga Fabrairu, da ake watsa soyayyen waken soya don korar aljanu.

Abin damuwa game da makomar irin waɗannan al'adu yana karkara. A yankin Oga na jihar Akita, samari kan yi shigar dodanni masu suna Namahage a daren ƙarshen shekara, da rufin fuska mai ban tsoro da rigar karan shinkafa, suna bin gida-gida suna cigiyar malalata da yara marasa jin magana, maigida kuma ya ba su haƙuri da abinci da giyar shinkafa. Hukumar UNESCO ta sanya al'adar cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2018, amma Akita tana cikin jihohin da tsofaffi suka fi yawa, matasa kuma suna ƙaura zuwa birane, har wasu ƙauyuka sun daina bikin saboda rashin samarin da za su sa rigar.