Me ya sa rogo mai ɗaci ke iya kisa?

Duk mai fataucin rogo ya san ba a cin mai ɗacin sai an fere shi, an jiƙa, an shanya. Amma kaɗan ne suka san inda gubarsa ke yin ɓarna. Wurin kuwa shi ne wasu ƴan mitsi-mitsin ɗakuna da ke cikin ƙwayoyin halittar jikinmu, waɗanda masana ke kira mitokondiri. A nan ne tuwo da fura ke rikiɗa su zama ƙarfi.

Idan abinci ya narke, jiki yakan zare ƙwayoyin lantarki daga cikinsa, wato elektaron. A bangon ciki na mitokondiri akwai tashoshi 4 masu miƙa wa juna wannan kaya. Ta 1 tana karɓa daga wani sinadari mai suna NADH, ta 2 daga wani mai suna sukusinat. Dukansu biyu suna ɗora wa ubikinon, ɗan dakon da ke yawo cikin maiƙon bangon, ya kai tasha ta 3. Daga nan sitokorom c ke kwasa ɗaya bayan ɗaya zuwa ta 4, inda iskar oksijen da muke shaƙa ke jira. Tana karɓa sai ta haɗu da wasu ƙwayoyin da ake kira furoton, ta zama ruwa.

Wannan tafiya tana da riba. Da ƙarfin da elektaron ke saki a hanya, tashoshin suna tura furoton bayan bango. A kan kowane elektaron 2, tasha ta 1 na tura 4, ta 3 ma 4, ta 4 kuma 2, jimla 10. Ta 2 ba ta tura ko ɗaya. Furoton ɗin sai su taru kamar ruwa a madatsar Kainji. Ƙofar komawarsu wani ɗan inji ne mai juyawa, wanda ke ƙera ATP, kuɗin da jiki ke kashewa a kowane motsi. Baturen Ingila Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961. An daɗe ana musunsa, har ya sami kyautar Nobel a 1978.

To, gubar rogo, wato siyanir, tana maƙalewa ne a tasha ta 4. Da zarar ta toshe, sai layin duka ya tsaya cik, kamar manyan motoci ranar da aka rufe iyaka. Jini na cike da oksijen, amma babu mai karɓa. Ƙwaƙwalwa da zuciya ne ke fara jigata.

Saboda haka jiƙon ƴan kwanaki da shanya ba ɓata lokaci ba ne, su ne ke fitar da gubar. Mai gaggawar kai rogo kasuwa bai gama aikinsa ba, da rayukan jama'a yake ciniki.