Koyarwa da abin da ke hannu

A shekarar 2008 ne wani masanin fasahar koyarwa a Amurka, Jim Groom, ya ƙirƙiro kalmar Edupunk, domin nuna adawa da manhajojin kamfanoni irin su Blackboard.

Manufarsa ita ce malami ya haɗa darasinsa da kansa, da kayan da ke hannunsa, ba sai ya jira kamfani ko hukuma ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato.

Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno, ta riƙa tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata ta hanyar waƙoƙi.

A watan Satumban 2021 kuma, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo, saboda 'yan bindiga.

A irin wannan hali, darasin da ya dogara da intanet yakan tsaya cak.

Amma karatun da malami ya naɗa a wayarsa, yana iya isa ga ɗalibai ta Bluetooth ko memori, ko da babu sabis.