Na'urar zuciya da ke aiki da haske, ta narke a jiki idan ta gama aikinta

Kusan jariri 1 cikin 100 ana haifarsa da matsalar zuciya. Bayan an yi wa irin waɗannan jarirai tiyata, bugun zuciyarsu kan rikice na wasu kwanaki, don haka likitoci kan ɗinka wayoyi a jikin zuciyar, su fito ta ƙirji, a jona su da wani akwati mai aika wutar lantarki. Wayoyin na iya jawo ƙwayoyin cuta, cire su kuma na iya yaga tsokar zuciya. Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka duniyar wata, ya rasu a 2012 bayan ya zubar da jini ta ciki lokacin da aka cire masa irin waɗannan wayoyi.

A watan Afrilun 2025, masu bincike a Jami'ar Northwestern ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin John Rogers da Igor Efimov, sun bayyana wata na'ura a mujallar Nature. Tsawonta milimita 3.5, faɗinta 1.8, kaurinta 1. Ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, kuma ana iya shigar da ita da sirinji.

Ba ta da waya. Ƙarafa iri biyu ne a jikinta, waɗanda ke samar da lantarki idan suka haɗu da ruwan jiki. A kan ƙirjin majinyaci ana manna wani ɗan faifai mai laushi da ke sauraron zuciya. Da zarar bugun ya yi ƙasa, sai faifan ya riƙa walƙa wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa fata da ƙashi. Duk walƙiya ɗaya takan kunna na'urar, zuciya ta buga.

Hasken ne ya ba da damar ƙanƙanta ta. Samfurin da suka fitar a 2021 da igiyar rediyo yake aiki, yana buƙatar eriya, shi ya sa ya yi wa zuciyar jariri girma.

An ƙera ta da abubuwan da jiki ba ya ƙyama. Idan ta gama aiki sai ta narke, kamar zaren ɗinkin tiyata da ke narkewa da kansa, ba sai an sake buɗe ƙirji ba.

A binciken na 2025, an gwada ta ne a kan dabbobi da zukatan mamatan da suka ba da gudummawar sassan jikinsu. Gwaji a kan majinyata shi ne mataki na gaba kafin ta isa asibitoci.