Idan 'Yarki Ta Ce Wasan Kwaikwayo Za Ta Karanta a Jami'a



Makon jiya wata maƙwabciyata ta shigo mini da hantsi, ko mayafi ba ta gyara ba, ta ce in zo in yi wa 'yarta faɗa. Na ce me ta yi? Ta ce yarinyar ta gama sakandare, takardunta sun yi kyau, amma da aka zo cika fom na shiga jami'a sai ta rubuta wai wasan kwaikwayo take so ta karanta. Uban ya ce shi bai yi shekara 12 yana biyan kuɗin makaranta don a mayar masa da ɗiya 'yar dirama ba, ko ta sake wani fannin, ko ta zauna gida a yi mata aure. Yarinya kuwa kwana biyu ke nan abinci sai an matsa mata.

Ban yi wa yarinyar faɗa ba, ban kuma ga laifin uban ba, domin mutuncin 'yarsa yake karewa. Amma da na zauna da su sai na lura su duka uku ba wanda ya san ainihin abin da ake koyarwa a wannan fanni. Shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna batun a filinmu na yau, don na tabbata ba gidan nan kaɗai ake wannan ja-in-ja ba.

BA BAƘON ABU BA NE

Da farko dai mu tuna kwaikwayo ba Turawa suka kawo mana shi ba. Wace ce a cikinmu ba ta yi wasan 'yartsana ba, ta yi mata biki, ta jera mata kwanoni? Wace ce ba ta yi tashe da azumi ba? A gidajen sarauta kuma akwai wasan gauta, inda mata kan kwaikwayi sarki da fadawansa, a yi dariya, amma a cikin dariyar nan sarki ya ji abin da ba mai iya faɗa masa ido da ido.

Da boko ya zo sai aka shiga rubutawa. Marigayi Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana saurayi, don ya farkar da jama'a. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta "Jatau Na Kyallu" da "Zamanin Nan Namu", Mohammed Sada ya rubuta "Uwar Gulma", wadda ta nuna irin wahalar da mace kan sha a hannun mugun miji. Da yawanmu mun karanta su a aji. To, ilmin da ke bayan irin waɗannan ayyuka shi ne jami'a ta mayar fanni mai digiri.

Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe makarantar wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1960, kuma Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel a 1986, ya taɓa shugabantar sashen. A nan Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta soma nata a 1975, a ƙarƙashin sashen Turanci, bisa jagorancin wani malami Bature, Michael Etherton. Ɗakin wasan da aka yi musu ma abin kallo ne, domin da ƙasa aka gina shi, magina na gargajiya suka yi aikin, aka yi shi da fasalin gidan Bahaushe. Yanzu ana koyar da fannin a Jos da Ilorin da Jami'ar Bayero ta Kano da wasu wurare. Mace kuwa ba a bar ta baya ba. Marigayiya Zulu Sofola, wadda ta rasu a 1995, ta kai matsayin farfesa a wannan fanni, ta kuma shugabanci sashen a Ilorin.

ME AKE KOYA?

Mutane da yawa sun ɗauka shekara huɗu ake yi ana rawa da tsalle-tsalle. Ba haka ba ne. Fitowa a dandali kashi ɗaya ne kawai. Ɗaliba za ta karanta tarihin wasan kwaikwayo tun daga Girkawan dā har zuwa na Afirka. Za ta koyi rubuta wasa, da shirya shi, watau ta zama ita ce mai ba 'yan wasa umarni. Akwai darasin tufafi da kwalliya, da tsara dandali, da sarrafa fitilu, da riƙe kuɗi da tafiyar da ma'aikata, sa'an nan da shirye-shiryen rediyo da talabijin da fim. A shekarar ƙarshe sai ta yi bincike ta rubuta kundi, kamar kowane ɗalibi.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne wanda Zariya ta yi suna a kansa, watau wasan kwaikwayo don raya karkara. A 1977 malamai da ɗalibai suka fita yankin Soba suka yi abin da aka kira Wasan Manoma. Ga yadda irin wannan aiki yake: ɗalibai za su shiga gari su yi ta sauraron mutane, su ji abin da ke damunsu, ko taki ne, ko ruwan sha, ko rashin asibiti. Daga nan sai su ɗinka wasa da abin da suka ji, su nuna shi a fili da harshen mutanen wurin. In an gama ba a watsewa, sai a zauna a yi shawarar mafita. 'Yan shekarar farko ma akan tura su cikin garin Samaru su gwada hannunsu.

To, a nan ne maganar ta shafe mu. Ɗalibi namiji iyakarsa zaure, ya ji ta bakin maigida ya tafi. Wa zai shiga cikin gida ya zauna a kan tabarma da mai jego, ya ji yadda ta kwana biyu tana naƙuda ba mota? Wa matar kulle za ta saki jiki ta gaya wa dalilin da ya sa aka cire 'yarta daga makaranta aka ɗora mata talla? Sai mace 'yar'uwarta, mai jin harshenta, wadda ta san kunya da kara irin namu. Idan muka hana 'ya'yanmu wannan ilmi, wasu ne za su riƙa ba da labarinmu, kuma yadda suka ga dama za su ba da shi.

Haka abin yake a finafinai. Tun da aka yi "Turmin Danya" a Kano a 1990, finafinan Hausa suka cika gidajenmu. Kullum muna kuka cewa ana nuna mace ba ta da aiki sai kishi da bin boka. Amma mata nawa ne a cikin masu rubuta labarin da masu ba da umarni? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

YADDA AKE NEMAN SHIGA

Ke yarinya mai sha'awa, ki sani ba a shiga da iya barkwanci. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma a cikinsu lalle a sami Turanci da Adabin Turanci. Nan ne 'yan mata da yawa kan yi tuntuɓe, domin sukan yar da darasin adabi tun a aji huɗu, sai an zo cika fom su tarar ƙofa ta rufe. Saboda haka tun da wuri ake shiri.

Sa'an nan sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake ɗauka a bisa maki 400, da na'ura mai ƙwaƙwalwa ake yi, kuma Turanci dole ne ga kowa. Ke sai ki haɗa da adabi da wasu biyu. Bayan wannan jami'a kan yi tata tantancewar. Wadda ta riga ta sami NCE ko difloma da ta dace tana iya neman shiga aji biyu kai tsaye, ta gama cikin shekara uku. Sharuɗɗa sukan bambanta daga wata jami'a zuwa wata, don haka ki karanta littafin bayani na JAMB da idonki, kada ki bar wa mai shagon cika fom ya zaɓa miki.

GASKIYAR DA BA A ƁOYEWA

Ba zan rufe ku ba, karatun nan yana da nasa nauyi. Gwajin wasa yakan kai dare, musamman in ranar nunawa ta gabato, kuma maza da mata tare ake yi. Akwai 'yan kashe-kashen kuɗi na tufafi da kayan dandali. Akwai kuma bakin mutane, wanda ya fi duka ciwo. Yarinyar da za ta shiga sai ta kasance mai kamun kai, ta nemi ɗakin kwana a cikin makaranta, ta riƙa tafiya da abokai mata, kuma in an ba ta rawar da ta saɓa wa addininta ko tarbiyyarta, ta je wurin malami da ladabi ta nemi a sake mata. Aikin bayan dandali ma yana da yawa.

Game da abin yi bayan digiri da bautar ƙasa, ba wanda zai yi miki alkawarin aiki a wannan zamani, kowane fanni kika karanta. Amma ƙofofin da akan ƙwanƙwasa sanannu ne: gidajen rediyo da talabijin, koyarwa, hukumomin raya al'adu, kamfanonin talla, da ƙungiyoyin da ke wayar da kan jama'a kan rigakafi da awon ciki da karatun 'ya'ya mata.

Ku kuma iyaye, hani da tsawa ba ya kashe sha'awa, sai dai ya koya wa yarinya ɓoye-ɓoye. Ku zaunar da ita ku tambaye ta: rubutu take so, ko koyarwa, ko dai a gan ta a talabijin ne kawai? In son suna ne, ku nuna mata ta sake tunani, domin karatun zai gajiyar da ita tun a shekarar farko. In kuwa kun ga da gaske take, ku je ku ga wurin da idonku, ku yi magana da malaman. Gani ya kori ji.

Shawarar da na ba maƙwabtan nawa ke nan. Uban bai ce ya yarda ba, amma ya ce zai shiga mota ya je Samaru tare da ita kafin ya yanke magana. Yarinyar dai ta koma cin tuwonta.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, amin. Sai mun sadu a mako mai zuwa.